Yadda Iyaye Za Su Kare 'Ya'yansu Daga Cin Zali a Makaranta, Musamman ta Kwana

Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar nan ya san cewa doka iri biyu ce ke aiki a cikinta. Akwai wadda aka rubuta a takardar shiga makaranta, akwai kuma wadda manyan ɗalibai suke zartarwa bayan an kashe fitila. Ta biyun ce take sa yaron aji ɗaya ya tashi tun kafin kiran asalatu ya ɗebo wa siniya ruwan wanka, ya wanke masa kayan makaranta, ya miƙa masa rabin sukari da madarar da aka haɗo masa daga gida, idan kuwa ya yi gardama a sa shi tsallen kwaɗo ko kamun kunne har ƙafafunsa su gaza ɗaukarsa. Iyaye da yawa, musamman waɗanda su ma suka bi ta wannan hanya, suna ɗaukar abin a matsayin horo, suna cewa "mu ma haka aka yi mana, ga shi mun zama mutane." Wannan magana ita ce babbar garkuwar masu cin zali, domin yaron da ya taɓa jin ta daga bakin mahaifinsa ya riga ya san cewa kai ƙara gida ba shi da amfani.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A rahoton da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2019, kashi 32 cikin 100 na ɗaliban da aka tambaya a faɗin duniya sun ce 'yan'uwansu ɗalibai sun ci zalinsu aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayar, a ƙasashen Afirka na kudu da hamadar Sahara kuwa adadin ya kai kusan kashi 48. A watan Yuli na 2025 gwamnatin Jihar Kano ta ba da umarnin bincike kan mutuwar ɗalibai biyu a makarantar sakandaren kwana ta gwamnati da ke Bichi, waɗanda ake zargin 'yan'uwansu ɗalibai ne suka yi musu dukan da ya zama ajalinsu. Abu irin wannan ba ya faruwa a dare ɗaya. Kafin a kai ga rasa rai, an daɗe ana ƙananan abubuwan da manya suka gani suka kawar da kai.

Mataki na farko: ku rarrabe cin zali da faɗan yara

Ba kowane kuka ba ne cin zali, kuma uban da ke tayar da jijiyar wuya a ofishin shugaban makaranta saboda an ture ɗansa a filin ƙwallo zai wayi gari ba mai sauraronsa ranar da babban abu ya faru. Masanin halayyar ɗan Adam Dan Olweus, wanda ya yi aiki a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norway kuma ya fara nazarin wannan matsala tun shekarun 1970, ya kafa alamomi uku da har yau ake aunawa da su: a yi abin da gangan don a cutar, a riƙa maimaita shi, sannan ƙarfin ɓangarorin biyu bai zo ɗaya ba, ta yadda wanda ake yi wa ba zai iya kare kansa ba. Yara biyu sa'o'in juna da suka ba hammata iska a kan biro, gobe kuma aka gan su suna cin abinci tare, faɗa suka yi. Amma ɗan aji shida da kullum yake karɓe naman ɗan aji ɗaya a ɗakin cin abinci, wannan cin zali ne ko da bai taɓa ɗaga masa hannu ba.

Ƙarfin da ake nufi ba na damtse kaɗai ba ne. Yana iya zama muƙamin firifet, ko yawan 'yan kore, ko kuɗin gida, ko kaifin baki. Saboda haka ku sa ido a kan gori da laƙabi, irin wanda ake liƙa wa yaro saboda in'ina, ko nakasa, ko launin fata, ko ƙabila, ko addini, ko talaucin iyayensa, ko fitsarin kwance. A makarantun 'yan mata abin ya fi zuwa ta hanyar wariya: a haɗa baki a daina yi wa yarinya magana, ta zo zama a tashi, a ƙulla mata sharri a yaɗa. Irin wannan ba ya barin tabo a jiki, shi ya sa malamai suke raina shi, alhali yana iya hana yarinya barci da karatu zango guda. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 11 ta Suratul Hujurati, ya hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabai, don haka iyaye Musulmi ba su da hujjar kiran wannan wasa.

Abu ɗaya ba ya cikin wannan lissafi. Idan abin ya shafi taɓa tsiraicin yaro ko yarinya, ko tilasta musu wani abu na lalata, to wannan babban laifi ne, kuma hanyarsa ita ce asibiti da 'yan sanda nan take, ba zaman sulhu a ofishin makaranta ba.

Mataki na biyu: ku binciki makarantar kafin ku biya kuɗi

Yawancin iyaye sakamakon jarrabawar WAEC da NECO suke tambaya, sai kuɗin makaranta, sai abinci. Ku ƙara da zagayawa da ƙafarku, domin cin zali yana da wuraren zama da lokutan fitowa, kuma kusan ko'ina iri ɗaya ne: ɗakin kwana bayan an kashe fitila, banɗaki da wurin wanka, layin famfo ko rijiyar burtsatse, layin abinci, bayan ajujuwa lokacin karatun dare, da ranakun Asabar da Lahadi lokacin da malamai suka tafi gidajensu. Ku duba tazarar da ke tsakanin ɗakin kwanan ɗalibai da gidan malamin da ke kula da shi. Idan yaro zai yi ihu a ɗaki da tsakar dare ba tare da wani babba ya ji ba, to a aikace manyan ɗalibai ne ke mulkin wannan ɗaki daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba.

Sannan ku yi wa shugaban makaranta tambayoyin da amsarsu ba ta karɓar kwana-kwana. Shin ƙananan ɗalibai suna kwana ɗaki ɗaya da manya ne, ko an raba su? An yarda firifet ya riƙe bulala ko ya sa gwale-gwale? Wane malami ne yake kwana kusa da ɗalibai, kuma wa ke maye gurbinsa idan ya yi tafiya? Idan yaro yana son ya kira gida, ta wace waya zai kira, kuma a gaban wa? Wace matsala ta cin zali ce ta ƙarshe da aka kawo, kuma me aka yi? Shugaban da ya ce "ai mu a nan ba a yin irin wannan" ya fi ban tsoro a kan wanda ya ce an yi a zangon da ya wuce, ga kuma hukuncin da aka yanke, domin na farkon ko bai san abin da ke faruwa a makarantarsa ba, ko kuwa sunan makarantar ya fi masa yaran muhimmanci.

A makarantar je-ka-ka-dawo wuraren su ne bakin ƙofa, lokacin tara, motar makaranta ko Keken da ke kwaso yara, da lungunan hanyar gida. Makarantar Islamiyya ma ba ta tsira ba, musamman inda ake barin babban ɗalibi da bulala ya tsare aji idan malam ya fita.

Mataki na uku: ku shirya yaron tun a gida

Abin da ya fi komai muhimmanci a nan shi ne yaro ya tabbata cewa idan ya faɗa, ba zai ƙara wa kansa wahala ba. Yara suna yin shiru saboda dalilai uku da suke da ma'ana a wurinsu: tsoron ramuwar siniya, tsoron a kira su 'yan gulma ko ragwaye, da tsoron cewa iyaye za su yi faɗa ko su je makaranta su yi abin da zai kunyata su. Saboda haka kafin ya tafi, ku zaunar da shi ku faɗa masa a fili cewa gulma ita ce kai magana don a jefa wani cikin wahala, amma faɗin abin da ake yi maka don a fitar da kai daga wahala haƙƙinka ne. Ku yi masa alƙawarin cewa ba za ku ɗauki mataki ba sai kun gaya masa abin da za ku yi, kuma ku cika wannan alƙawari.

Akwai shawarar da iyaye maza suka fi bayarwa, wato "duk wanda ya dake ka ka rama, kada ka dawo mini da kuka." Tsakanin sa'o'i tana iya yin aiki wani lokaci. Amma ɗan shekara 11 da aka ce ya rama a kan ɗan shekara 18 mai abokai biyar, an tura shi ne ya sha dukan da ya fi na farko, kuma an rufe masa ƙofar dawowa gida da maganar, tunda dawowar ta zama shaidar ragwanta. Shawarar iyaye mata ta "yi haƙuri, wata rana sai labari" ita ma tana barin yaron shi kaɗai da matsalarsa. Abin da ya fi amfani shi ne ku koya masa ya guji zama shi kaɗai a wuraren da aka ambata, ya riƙa tafiya da abokai biyu ko uku, ya amsa da gajeriyar magana cikin murya mai ƙarfi ba tare da zagi ba sannan ya bar wurin, kuma ya san sunan babba ɗaya takamaimai da zai nufa. Ku haɗa shi da wannan malamin da kanku, ku karɓi lambarsa, shi ma yaron ya haddace lambobin waya biyu na gida.

Game da kaya, ku rubuta sunansa a jikin bokiti, kwano, tocila, takalmi da kayan sawa, ku sa wa akwatinsa kwaɗo mai kyau. Kada ku damƙa masa kuɗi masu yawa a hannu; ku ajiye wurin malamin da kuka amince da shi ya riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, domin yaron da aka san yana da kuɗi shi ake fara nema. Ku kuma yi hattara da al'adar damƙa yaro ga wani babban ɗalibi ya zama uban ɗakinsa ko uwar ɗakinta. Wani lokaci kariya ce ta gaskiya, wani lokaci kuwa kuɗin kariyar shi ne wanki da guga da kayan akwati, ko abin da ya fi haka muni, don haka idan za a yi, ku san yaron da iyayensa, ku kuma riƙa tambaya.

Mataki na huɗu: ku iya gani, ku iya tambaya

Ranar ziyara ita ce babbar damarku, kuma yawancin iyaye suna ɓata ta a kan buɗe kular abinci da ɗaukar hoto. Ku lura da yadda yaron yake cin abincin. Wanda yake ci hannu baka hannu ƙwarya yana waige-waige, ko ya roƙe ku ku jira ya cinye a gabanku maimakon ya kai ɗaki, yana gaya muku cewa abin da ya shiga ɗaki ba nasa ba ne. Ku dubi tafin hannunsa da gwiwoyinsa, domin kanta da saɓar fata a gwiwa alamar doguwar durƙuso ce a kan tsakuwa. Ku dubi bayansa idan hali ya yi, ku lura ko yana sanye da rigar sanyi cikin zafin Afrilu don ya ɓoye wani abu. Ku buɗe akwatin: garin kwaki, ƙuli-ƙuli da sukarin da ya kamata su kai wata guda sun ƙare a mako ɗaya, bokiti ya ɓata karo na biyu, takalmin da ke ƙafarsa ba wanda kuka saya ba ne. Ku kuma lura da yadda jikinsa yake yi idan wani babban ɗalibi ya gifta ko ya zo gaishe ku da fara'ar da ta wuce kima.

A gida alamun su ne ciwon ciki ko ciwon kai da ke tashi da safiyar Litinin ya warke ranar Juma'a da yamma, firgita cikin barci, komawa fitsarin kwance bayan an daina, faɗuwar sakamako ba tare da dalili ba, yawan neman kuɗi ko ɗaukar su a ɓoye, huce haushi a kan ƙanne, da kuka mai tsanani idan hutu ya zo ƙarewa. Ko ɗaya daga cikinsu ba hujja ba ce ita kaɗai, amma idan biyu ko uku suka haɗu, kada ku tsaya a kan rubutu da tofi kawai, ku yi bincike.

Tambayar "akwai mai dukanka?" kusan kullum amsarta "babu" ce. Ku zagayo ta gefe, a lokacin da ba ku fuskantar juna, kamar a mota ko yayin wani aiki tare, kuma ba a gaban ƙanne ko baƙi ba. Uba yana iya cewa, "Abba, a ɗakinku wane siniya ne kowa yake tsoro?" ko "Wane yaro ne aka fi takura wa a ajinku?" Uwa tana iya cewa, "Ummi, da wa kike zama a ɗakin cin abinci? Wace ce ƙawarki yanzu?" Yaro ya fi sakin baki a kan abin da ake yi wa wani, kuma sau da yawa wanin nan shi ne. Tambayoyin lokaci ma suna buɗe magana: ƙarfe nawa kake tashi, wa kake ɗebo wa ruwa, bokiti nawa, me ke faruwa bayan an kashe fitila. Idan yaron ya fi sakewa da yayarsa, ko kakarsa, ko wani kawunsa, ku bar su su yi tambayar, domin kunyar da ke tsakanin ɗan fari da iyayensa a gidajenmu tana iya rufe bakin yaro ko da yana cikin wuta.

Mataki na biyar: idan ya faɗa

Ku riƙe fuskarku. Salati da kururuwa da rantsuwar cewa sai kun ɗaure wani za su sa ya janye rabin maganar. Ku bar shi ya kai aya, sannan ku ce masa kun yarda da shi, ba laifinsa ba ne, kuma ya kyauta da ya faɗa. Kada ku fara da "me ka yi masa?" ko "me ya sa ba ka faɗa tun tuni ba?"

Daga nan sai ku ɗauki takarda da biro. Ku rubuta abin da aka yi, wanda ya yi da ajinsa da ɗakinsa, wurin, rana da lokaci gwargwadon yadda ya tuna, sau nawa, waɗanda suka gani, da ko an taɓa gaya wa wani malami da abin da ya ce. Idan akwai rauni ku ɗauki hotonsa a ranar, ku kai shi asibitin gwamnati, ku nemi likita ya rubuta abin da ya gani, ku adana kati da rasit. Duka a kai, a ciki ko a ƙirji, da amai, jiri, fitsarin jini ko wahalar numfashi ba sa jiran gobe, kuma ba a barin su a hannun ɗakin shan magani na makaranta. Idan yaro ya furta cewa gara ya mutu, ko ya yi yunƙurin cutar da kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai, a kai shi wurin likita a ranar.

Idan ta waya ake yi, a rukunin WhatsApp na aji ko a TikTok da Facebook, ku ɗauki hoton saƙonnin yadda lamba da kwanan wata za su fito kafin a goge, sannan a toshe mai turowa a kuma kai rahotonsa ga manhajar. Kada ku ƙwace wayar a matsayin martani na farko, domin yaron zai ɗauka shi aka hukunta, gobe kuma ba zai nuna muku ba.

Mataki na shida: ku tunkari makaranta da takarda a hannu

Ku fara da malamin aji ko malamin ɗakin kwana idan abin bai yi tsanani ba, amma idan akwai rauni ko ƙwace ko an daɗe ana yi, ku wuce kai tsaye wurin shugaban makaranta. Ku je da wasiƙa kwafi biyu mai ɗauke da bayanan da kuka tattara, a sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da ita. Maganar baka tana bin iska, kuma idan abu ya lalace, tambayar farko da kowace hukuma za ta yi ita ce ko an sanar da makaranta, kuma yaushe.

Ku shiga da ladabi, domin kuna buƙatar mutumin nan ya zama abokin aikinku. Kuna iya cewa, "Ranka ya daɗe, ba faɗa ya kawo ni ba. Ga abin da yake faruwa da yaron nan, ina so mu fita daga ofishin nan da abin da za a yi daga daren yau." Ku nemi abubuwa takamaimai: a raba su ɗaki, kuma wanda ya yi laifin ne ya kamata a ɗauke, ba wanda aka zalunta ba, a naɗa malami ɗaya da zai riƙa ganin yaron kullum, a kira iyayen ɗayan, a biya abin da aka ƙwace, a sa ranar da za ku dawo, kada ta wuce mako biyu.

Haɗarin da ya fi girma yana zuwa ne bayan kun tafi. Idan aka fito da siniya gaban asambuli aka zane shi aka kuma ambaci sunan wanda ya kai ƙara, to da dare 'yan ajinsu za su huce a kan ɗanku, kuma duk ƙananan yaran makarantar sun koyi darasin cewa kai ƙara ganganci ne. Saboda haka ku roƙi a sakaya sunansa, a gudanar da binciken kamar malami ne ya gano da kansa, kada kuma a haɗa su gaba da gaba a ce su yi musabaha a yafe wa juna, domin yaron da ke tsoro zai ce ya yafe ko ya ƙaryata kansa. Ku kira malamin da aka naɗa bayan kwana biyu, ku sake kira bayan mako, ku nemi jin muryar yaron ba a gaban kowa ba.

Kada ku kama ɗan wani ku daka, kada ku tura yayye ko samarin unguwa, domin kun mayar da kanku masu laifi kun kuma ba makarantar hanyar sauya magana. Batun yaɗa bidiyo a intanet ma yana son tunani. A watan Afrilu na 2024 bidiyon wata ɗaliba da ake mari a wata makaranta mai zaman kanta a Abuja ya karaɗe ƙasa har hukumomi suka shiga maganar cikin gaggawa, to amma fuskar yaron da aka wulaƙanta tana zama a intanet shekaru bayan an manta da hukuncin. Ku ba hukuma bidiyon a matsayin shaida tukuna.

Mataki na bakwai: idan makaranta ta yi biris

Idan wa'adin ya cika ba a yi komai ba, ku rubuta wa shugaban ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin gudanar da makaranta na al'umma, ku haɗa da kwafin wasiƙar farko. Daga nan, firamaren gwamnati tana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Sakandaren jiha tana da ofishin shiyya da Ma'aikatar Ilimi. Makarantu masu zaman kansu suna da sashe ko hukumar da ke ba su lasisi a jiha. Kwalejojin tarayya kuwa suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar koke kyauta a ofisoshinta na jihohi.

Doka tana bayanku. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, sashe na 11 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 kuma ya hana cutar da yaro a jiki ko a zuciya. Jihohi suna da nasu dokokin, kamar na Kaduna na 2018 da na Kano na 2023. Dukan da ya jawo rauni laifi ne ko a cikin makaranta aka yi shi, kuma kuna da damar kai shi ofishin 'yan sanda tare da takardar likita, ko da an taru ana ba ku baki cewa a rufa asiri.

Idan ɗanku ne mai cin zalin

Kiran da makaranta za ta yi muku a kan wannan ya fi ɗaci, kuma amsar da ta fi saurin fitowa ita ce "ɗana ba zai aikata ba." Yaron da yake durƙusawa ya gaishe ku a gida yana iya zama dodon ɗakin kwana, musamman idan shi ma an gasa masa aya a hannu a aji ɗaya yana jiran zuwan lokacinsa. Ku saurari shaidar har ƙarshe. Hadisin da Bukhari ya ruwaito ya umarci a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, kuma ya bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zaluncin. Ku sa ya faɗi abin da ya yi da bakinsa ba tare da "ai wasa ne" ba, ya biya abin da ya karɓa daga kuɗin kashewarsa, ya nemi afuwa idan wanda aka zalunta ya yarda su haɗu, kuma kada ku je roƙon a janye hukuncin makaranta. Jibgarsa ba za ta gyara shi ba, domin darasin da zai ɗauka shi ne wanda ya riga ya sani, cewa mai ƙarfi yana dukan na ƙasa da shi. Ku dubi gidan kuma: yadda ake yi wa 'yar aiki magana, yadda ake hantarar almajirin da ke wanke-wanke, yadda yayye ke mulkin ƙanne, da yadda 'yan ubanci ke gudana, duk yana kallo.

Abin da iyaye za su yi a ƙungiyance

Uba ɗaya yana iya ceton ɗansa, amma siniyan zai koma kan yaron da iyayensa ke ƙauye mai nisa ba sa zuwa ziyara. Shirin yaƙi da cin zali a makarantu mai suna KiVa da aka tsara a Jami'ar Turku ta ƙasar Finland ya ginu ne a kan lura da cewa mai cin zali 'yan kallo yake yi wa wasa, kuma idan masu dariya da masu shiru suka daina ba shi wannan lada, ƙarfinsa yana raguwa. Don haka ko ɗanku ba ya cikin masu yi ko waɗanda ake yi wa, ku gaya masa abin da kuke tsammani daga gare shi: kada ya yi dariya, kada ya tura bidiyon gaba, ya zauna kusa da wanda aka ware, ya sanar da babba a asirce.

A taron iyaye da malamai, maimakon a ƙare a kan kuɗin gyaran katanga, ku gabatar da ƙudurorin da za a iya bincikawa. A raba wa ɗalibai takardar tambaya marar suna sau ɗaya kowane zango, mai tambayar inda suka fi jin tsoro da lokacin, a karanta sakamakon a gaban iyaye. A fitar da jadawalin malaman da za su riƙa zagaya ɗakunan kwana da dare da ƙarshen mako, iyaye kuma su tara ɗan alawus da fitilu masu amfani da hasken rana, tunda malamin da ke kula da yara ɗari biyu ba tare da ƙarin ko sisi ba ba zai daɗe yana tashi tsakar dare ba. A karɓe bulala da ikon gwale-gwale daga hannun firifet, aikinsa ya tsaya a rubuta suna ya miƙa wa malami. A ware wa 'yan aji ɗaya ɗakinsu da layin ruwansu. A ajiye akwatin koke a inda yaro zai jefa takarda ba a gan shi ba, makullinsa kuma ya kasance a hannun mutum biyu, ɗaya daga cikin iyaye. Alhamis ta farko a watan Nuwamba, wadda UNESCO ta ware don yaƙi da cin zali a makarantu, ta faɗo a tsakiyar zangon farko, lokacin da sababbin ɗalibai suka fi shan wuya, don haka ta dace da ranar duba ko an aiwatar da waɗannan ƙudurori.

Wani lokaci duk an yi wannan amma abin bai tsaya ba, ko kuwa yaron ya riga ya tsorata da wurin ta yadda ba ya iya karatu a cikinsa. A nan sauya makaranta ba gazawa ba ce, kuma kuɗin zangon da aka biya bai kai lafiyarsa ba. Ku karɓi takardar canjin makaranta da sakamakonsa na baya, ku bar kokenku a rubuce a wurin hukuma ko da kun tafi, saboda yaran da suka rage. Idan ɗan ajin ƙarshe ne da aka riga aka yi wa rajistar jarrabawa a can, ku nemi izinin ya riƙa zuwa daga gida ko daga gidan wani ɗan'uwa har ya gama. A sabuwar makarantar kuma ku sanar da malami ɗaya abin da ya faru a asirce, ku nemi ya sa masa ido a makonni shida na farko.